Igiyar Yalwa

Shekara uku bayan samun mulkin kai, jiri ya kayar da Alassan mai kamyo, babbar motar kaya, a tashar Gaya, yana tsaka da duba lodin albasa. Lokotoro, wato likita, ya ɗaura masa abin awo a damtse, ya girgiza kai, ya ce jininsa ya hau, kuma in bai rage ƙiba ba ita za ta raka shi kushewa. Ya hana shi mai da kitse da gishiri mai yawa. Ya ce ganye, da kabewa, da yalo, sai tuwo ɗan kaɗan.

Matarsa Yalwa ita ta ɗauki maganar da hannu biyu. 'Ya'yansu duk sun yi aure, su biyu suka rage a gida. Ta tufka igiyar rama, ranar Juma'a ta zagaya masa ita daidai cibiya, ta yi ƙulli a inda bakin igiyar ya haɗu.

"Wannan ne na fari, Maigida. Kowace Juma'a za mu sake awo."

"Ni buhun gero ne?"

"Ai buhu ya fi ka sauƙi, shi bakinsa yana ɗauruwa."

Ya ce to, ta riƙa girka nata daban. Ta ce sam, ba za a yi suya a gidan yana haɗiyar miyau ba. Abin da ya rage a tukunyarsa shi za ta ci.

Kwana shida ya yi yana fama da kwaɗon zogale da fate-faten rama, ransa a ɓace. A na bakwai wata dabara ta zo masa, wadda daga baya ko tuna ta ya yi sai ya ji kamar ya nutse a ƙasa. Ya san a shekarar fara, Yalwa tana 'yar shekara takwas a Bengou, tafasa suka yi ta ci ba ƙwayar hatsi, har ƙafafun mahaifiyarta suka kumbura ta rasu. Tun daga nan ko a kasuwa ta ga tafasa sai ta kau da kai. Sai ya ce mata duk cikin ganye babu wanda cikinsa zai karɓa sai tafasa. A lissafinsa za ta ce a'a, magana ta watse, miyar nama ta dawo.

Yalwa ta juya ta dubi murhu. Washegari da rana ga kwanon tafasa a gabansa.

Daga nan ne ya fara ƙetare gada. Kunya ba za ta bar shi ya zauna gaban mai tuwo a Gaya ba, inda kowa ya san hukuncin lokotoro. Amma a Malanbil, can ƙetaren kogi a Dahomey, akwai wata Ajuma mai sakwara da miyar man ja da soyayyen kifi. Kullum da hantsi sai ya ƙirƙiri aikin kaya a ƙetare, ya cika cikinsa, ya wanke baki, ya tauna goro, ya dawo. Har wani ma'aikacin duwan, mai binciken kaya a bakin gada, ya taɓa nuna tumbinsa yana dariya.

"Mai kamyo, wannan lodin fa kullum yana wucewa ba takarda!"

Alassan ya yi dariyar yaƙe. A gida kuwa yakan taɓa loma uku ya ture kwano, Yalwa ta yaba da ƙoƙarinsa, ta koma madafa ta cinye sauran. Ranar Juma'a kuma ya ja numfashi ya shanye ciki, ta yi sabon ƙulli ɗan nesa da na baya, ta ɗaga igiyar tana murna kamar yarinya. Kowace Juma'a sai ya shanye cikin fiye da ta baya, har idonsa ya riƙa yin duhu. Ƙulli takwas aka yi a haka. Yakan ce wa kansa gobe zai daina, sai goben ta same shi a kan gada.

Wata Alhamis ya ɗago daga kwanon Ajuma, yatsunsa jawur da mai, sai ga Labo, yayan Yalwa, tsaye a bakin rumfa. Daga Bengou ya zo sayen gishiri, ya biya ta gidan ƙanwarsa da safe.

"Yaya Labo, bismilla," in ji Alassan.

"Na ƙoshi. Na ci abin da ake ci a gidanka." Labo bai ɗaga murya ba. "Na ga Yalwa. Munduwar azurfar da tsohuwarmu ta bar mata, tun aurenku ba ta fita daga hannunta. Yau a gabana ta sulluɓe ta faɗa ƙwarya. Mutanen unguwarku suna cewa ka karye, ka koma ciyar da ita abincin yunwa. Na ce mata ta taso mu tafi gida. Ka san abin da ta ce? Wai mijinta yana yaƙi da ajali, ba za ta bar shi shi kaɗai ba." Ya dubi kwanon. "Ashe ga fagen yaƙin."

"Za ka faɗa mata?"

"Ni? Ba ni na ci ba."

Alassan ya dawo a ƙafa, bai ko amsa gaisuwar mutanen duwan ba. Da ya shiga gida ya dubi matarsa da kyau, abin da ya yi wata biyu yana gudu. Ƙashin wuyanta ya fito, zanenta ya ƙara zagaye. Ya wuce ɗaki ya kwanta.

Da safiyar Juma'a ta ɗauko igiyar daga ƙusa, ta zagaya masa. Ya ja numfashi kamar yadda ya saba. Sai ya ga hannunta, munduwar ta ɗaure ta da tsumma don kada ta sake faɗuwa. Ya saki numfashin gaba ɗaya.

Igiyar ta zame a hannunta, ta wuce ƙulli na takwas, ta wuce na biyar, ta wuce na fari da faɗin yatsa biyu.

"Maigida, kumburi ne?" Tsoro ya cika muryarta, don ta san abin da kumburi yake yi.

"Ba kumburi ba ne. Sakwara ce."

Ya faɗa mata duka: gada, da Ajuma, da goron ɓad da ƙanshi. Da ya zo kan tafasa ya so ya tsallake, amma ya daure ya faɗi dalilin da ya sa ya roƙe ta.

Yalwa ta zauna a kan turmi. Ba ta yi kuka ba, shi kuwa da ta yi da ya fi masa sauƙi.

"Kullum na tsinke ganyen nan sai na ga ƙafafun Inna," ta ce. "Sai in ce ba komai, wannan karon zai ceci rai."

"Ki yafe mini, Yalwa."

"Ba yau ba."

Ta tashi ta kwance ƙulle-ƙullen ɗaya bayan ɗaya, har da na fari. Ta sake zagaya masa igiyar, ta jira ya yi numfashi sau uku, sannan ta yi ƙulli ɗaya.

"Bayan masallaci ka biya wurin mahauta, ka sayo mini tsokar rago mai kitse. Da hannunka za ka riƙo ta, ta tsakiyar unguwa, kowa ya gani."

Haka aka yi. Da la'asar ƙanshin suya ya cika gidan. Ta shimfiɗa tabarma, ta zauna ci a gabansa da kwanon namanta, abin da ba ta taɓa yi ba tun aurensu, ta tura masa nasa. Tafasa ce, ba mai, gishiri kaɗan. Tana da ɗan ɗaci da bauri, tana kama maƙogwaro. Alassan ya ci har ya ga gindin kwano, bai ɗaga kai ba.