Ranar Dodanni a Innsbruck

Tun kafin su gama sauka daga bas Alois ya damƙe wuyan hannun matarsa Irmgard, daidai inda ya murɗe ranar Lahadi. Irmgard ta cije leɓe. Matan ƙauyensu suna biye da su, don haka ta ƙaƙalo murmushi.

"Ki tsaya kusa da ni," in ji shi. "Kuma ban da neman ɗan nan naki. Yawo muka zo."

Severin ɗanta ne na auren fari. Shekara uku ke nan da ya koma Innsbruck aikin kafinta, tun ranar da Alois ya fasa masa baki suna tsakiyar cin abinci. Ranar Litinin Severin ya kira ta ta bidiyo, ta yi mantuwa ta ɗaga hannun da ke naɗe da bandeji. Bai tambaye ta komai ba. Cewa kawai ya yi, "Asabar kuke shigowa, ko?"

Wuni suka yi a tsohon gari, tsaunuka fari fat can sama da rufin gidaje, dusar ƙanƙara tana ƙara a ƙarƙashin takalmi. Alois ya bi rumfunan kasuwar Kirsimeti yana ɗirkar giya mai zafi. Da Irmgard ta zame a bakin coci, sai ya dubi maƙwabciyarsu Resi ya ce, "Kin ga saniyar da nake kiwo? Ko tafiya ba ta iya ba." Resi ta yi kamar ba ta ji ba.

Wajen ƙarfe huɗu, duhu ya fara sauka, aka ji ƙararrawa daga ƙasan titi. Dodannin Krampus ne na wasan al'adar gabanin Kirsimeti, samari sun fi arba'in cikin fatun awaki, da fuskokin katako masu ƙaho, kowa da tsumagiya yana zabga wa 'yan kallo a ƙafa. Yara na ihu, manya na dariya. Alois ya kutsa har gaban shingen ƙarfe, yana jan ta.

Wani dogo mai ƙaho huɗu ya rabu da sauran ya tsaya a gabansu.

"Zo mana, ɗan akuya," in ji Alois. "Ko tsorona kake ji?"

Dodon ya yar da tsumagiyar, ya tsallako shingen. Naushin farko a haɓa ya samu Alois, ya faɗi da baya, ƙeyarsa ta daki dutsen titi. Mutane suka ci gaba da dariya, sun ɗauka wasa ne, sai da suka ga jini yana bin ƙanƙara. Dodon ya shure shi a ciki, ya ƙara a haƙarƙari. Sannan ya taka hannunsa na dama da takalmin hawan dutse, ya murza. Irmgard ta ji ƙarar yatsu kamar ana karya itace.

Ba ta san lokacin da ta haye bayansa ba. Ta kama ƙaho da lafiyayyen hannunta ta fizga, tana dukan wuyansa, warin akuya da gumi ya cika mata hanci. Fuskar katakon ta goce gefe. Ta ga kunne, ta ga ido ɗaya jajir.

"Mama, matsa," ya ce ƙasa-ƙasa.

Ta sake shi. Tana tsaye, hannuwanta a sake, ya ɗaga ƙafa ya sauke wa Alois a baki. Ta gani, ba ta motsa ba. Sai da ya sake ɗagawa ta ce, "Ya isa haka. Tafi."

Ya gyara fuskar, ya tsallake shingen, ya shige cikin sauran. Kafin 'yan sanda su ratso taron, babu mai iya nuna shi.

Masu motar asibiti suka ɗora Alois a gadon ɗaukar marasa lafiya. Haƙoransa biyu suna ƙasa. Ba ya iya magana, amma idonsa na kanta. Ya ji abin da aka kira ta, ta kuma san ya ji.

Wata 'yar sanda mai furfura ta buɗe ɗan littafinta. "Uwargida, an ce ke kika riƙe shi. Kin ga fuskarsa?"

"Ban gani ba."

"Ko kaɗan?"

"Gashin akuya kawai."

Resi, da ke tsaye dab da su tun farko, ta ce, "Ni ma ina wurin. Ba a ganin komai."

'Yar sandan ta koma kan Irmgard. "Akwai wanda kika san yana ƙullace da mijinki?"

Irmgard ta juya wajen gadon da aka ɗora Alois. Direban motar asibitin ya riƙe mata ƙofa. "Za ki bi mu? Akwai wurin mutum ɗaya."

Shekara goma sha ɗaya, duk inda Alois ya nufa tana bayansa.

"Ku je," ta ce.

Aka rufe ƙofar, motar ta ratsa mutane a hankali. Ta juyo wajen 'yar sandan.

"Ina da abin faɗa, amma ba a kan dodon ba ne. A kan mijina da aka ɗauka ne, kuma labarin yana da tsawo. Akwai inda za mu zauna? Sanyi nake ji."