Ɓera Mai Lamba Goma Sha Huɗu

Aikinta ƙirga ne. Ƙarfe tara na safe za ta saka ɓera a cikin kwano mai zurfi, a wani ɗaki marar taga, ta ƙirga sau nawa ya zagaya cikin awa guda. An lalata wa ɓerayen gefe ɗaya na ƙwaƙwalwa, inda sinadarin dofamin ke fitowa, shi ya sa ba sa miƙe hanya, sai juyi a waje ɗaya. Rabinsu an dasa musu ƙwayoyin ƙwaƙwalwar ɗan tayin ɓera, rabi kuwa ruwan gishiri kawai aka ɗura musu. Wanne ne wanne, wannan yana cikin ambulan a teburin Farfesa, shugaban binciken. Ƙa'idar aikin ke nan: ba a gaya wa mai ƙirga, don kada zuciya ta taya ido.

Mai lamba goma sha huɗu ya fara sauƙi. Daga zagaye ɗari huɗu ya sauko saba'in, ran nan ma ya miƙe samɓal har bakin kwano.

To, baki shi ke yanka wuya. Ta koma gida ta tarar da mahaifinta yana kokawa da maɓallin riga, hannun nan na karkarwa yadda ya saba shekara shida, ciwon ƙarancin dofamin ɗin nan da suke nema wa magani. Tausayi ya kama ta, ta kasa riƙe zancen. Ta ba shi labarin ɓeran, har da cewa dashen ne ya kama.

Tsohon da ko ƙofar gida ya daina leƙawa, sai ga shi ya sa an goge masa takalma. Kullum ta shigo sai ya ce, "'Yar nan, ya mutumina?"

Ranar buɗe ambulan Farfesa ya bi jerin da yatsa.

"Sha huɗu, ruwan gishiri ne. Tun farko raunin nasa bai yi zurfi ba. Cire shi daga lissafi."

"Sauran fa, ranka ya daɗe?"

"Sai mun yanka ƙwaƙwalwar mun ga ko tana samar da dofamin. Ko ta yi kyau ma, kafin a kai ga mutum, shekaru ne."

Da yamma sau uku tana zagaya layinsu, tsoro ya hana ta shiga. Da ta shiga, mahaifin nata yana zaune a bakin gado, takalman a ƙafarsa, igiyar ta gagare shi.

"Ya mutumina?"

Ta durƙusa ta kama igiyar, ba ta ɗago kai ba.

"Yana tafiya, Baba."

"Alhamdu lillahi," ya ce. "Ɗaure da kyau."