Sifirin ɗin Injin Cika Buhu

Shekara goma sha ɗaya ina naɗa sifirin a warshar Muath da ke Khumra a Jidda, babu iƙamar zama a ƙasar, babu ko takardar tsire. Umra ta kawo ni, na maƙale. Abin da ya rufa mini asiri shi ne iya kame baki.

Ranar Talata da hantsi wani mutum mai farar jallabiya ya shigo, ya ajiye dogon sifirin a kan tebur, da wani ɗan ƙarfe kamar babban yatsa mai roba a gindi.

"Na injin cika buhu ne," in ji shi. "Wannan ya yi laushi, injin yana dukan baya. Ashirin nake so masu tauri."

Na ɗauki ƙarfen na girgiza. Kacau-kacau.

Kafin in zo ƙasar nan, shekara tara na yi ina gyaran bindiga a barikin soja. Ko a mafarki na san wannan ƙara. Ƙarfen da ke tare bugun bindiga ne in ta tashi, sifirin ya mayar da shi. Injin cika buhu wai! Kuma mai lasisin bindiga ba ya zuwa Khumra neman ashirin.

"Da ƙarfe mai wannan nauyin za a haɗa su, ko akwai mai nauyi?" na tambaya, ina roƙon Allah ya kasa amsawa.

"Akwai masu nauyi," ya ce, bai ko yi tunani ba. Sai ya tsaya yana kallona. "Kai ka san injin ne?"

"Ina fa. Ƙarfe kawai na sani."

Ya ce zai dawo bayan la'asar. Ya fita, ya zauna cikin motarsa ya daɗe bai tayar ba.

Muath haifaffen Jidda ne, ɗan kirki, amma ba ya bambanta bindiga da famfo. "Yalla Baba Rafi'u, shugul ne mai sauƙi," in ji shi, wai aikin ba wuya.

Da na yi shiru na naɗa, da babu mai sani. Sai dai ƙanena Ɗan'azumi a gonarsa can gida aka harbe shi, kuma na tabbata wani ma'aikaci ne irina ya gyara bindigar da aka harbe shi da ita yana cewa ba ruwansa. Na tsani mutumin nan da ban taɓa gani ba.

Na gaya wa Muath komai. Fuskarsa ta canza, ya ɗauki waya ya kira shurɗa, wato 'yan sanda.

"Halas, suna zuwa. Fita ta baya, Baba. Ni zan yi bayani."

"Ka ce musu me? In sun tambaye ka yadda ka gane fa? Ka san inda ake sa shi?"

Ya kalli ƙarfen, ya kalle ni. Bai sani ba.

"Za su nemi iƙamarka. Tarhil ne, wallahi, korar ka za su yi. Sai Najeriya."

"Na sani."

Ƙofar baya a buɗe take, taku biyar. Na kalle ta, tsoro kamar ya kashe ni. Na wanke hannuna da sabulu, na ja kujera na zauna, na kira matata.

"Turai, keken ɗinkinki ki bai wa maƙwabciya. Sauran kayan ki fara ɗaurewa."

"Lafiya, Malam?"

Motar shurɗa ta tsaya a bakin warsha.