Keken Tasalla a Ofishin Awaki

Jiya da dare na yi wani mafarki, kuma tun rasuwar matata Tasalla shi ne na farko da na fito daga cikinsa da nasara.

Na tsinci kaina a wani gari inda ruwa ke tsattsafowa daga ƙasa yana hawa sama, mutane suna tafiya a kan lemarsu. Ban yi mamaki ba. Na daɗe ina koyarwa, na ga abin da ya fi wannan.

A garin mutane sun daina zuwa kasuwa. An zuba wa kayan gida ƙwaƙwalwa, su ake aika. Ga su a layi a bakin wani ofishi, fanka da dutsen guga da rediyo, kowa ya zo musanya kuɗin intanet, wanda yara ke kira kirifto, daga wani iri zuwa wani. A tsakiyar layin na hango keken ɗinkin Tasalla, wanda ƙanena Ɗanlami yake ta matsa mini in sayar wa 'yan gwangwan.

"Malam, hularka a karkace take," in ji keken.

Muryar Tasalla ce. Na gyara hular.

"Me ya kawo ki nan?"

"Aike. An ba mu littafin da ke bayanin yadda ake aiki da injin musanya. Duk wanda ya bi shi ya yi kuskure, maƙera ake kai shi a narkar. Ka ga ludayin can? Da safe fanka ne."

Layin ya matsa.

Sai ga ni a cikin ofishin. Ma'aikatan duk awaki ne. Daraktansu bunsuru ne mai tabarau, warinsa ya riga shi yi mini sannu da zuwa.

"Kai ne mai duba littafin? Sa hannu ka ce ya yi kyau. Mun riga mun yi walima."

Na buɗe. Babi na farko gaisuwa ce, ina kwana, ina gajiya, ya iyali. Na biyu godiya ce ga waɗanda suka zo walimar. A na uku aka shiga batun: "Ka shiga, ka yi gaba kaɗan. Ka danna maɓallin da ke kusa da inda tsohon maɓallin yake kafin a cire shi. Adireshin da za ka tura kuɗin, kowa ya san shi. In ka ɓata, ka tambaya."

"Ranka ya daɗe," na ce, "wannan ai kwatancen gidan biki ne."

"Haka muke yi wa kowa, kuma ana zuwa."

"Ana zuwa ne saboda akwai masu shayi a hanya. Keken ɗinki ba shi da wanda zai tsayar ya tambaya. Abin da aka rubuta shi yake bi. Ina misali?"

"Ba ma ba da misali, kada a kwaikwaye mu."

"Ina shafin da ke faɗin abin da za a yi idan musanya ta tsaya a tsakiya?"

Darakta ya yi gyatsa.

"Ya yi daɗi?"

"Ba gishiri," in ji shi.

Na leƙa taga. Saura dutsen guga a gaban Tasalla, hayaƙin maƙera kuma yana gangarowa ƙasa.

Na ce ba zan sa hannu ba sai wanda ya rubuta littafin ya bi shi da kansa, kamar yadda inji zai bi. Darakta ya ce shi ya rubuta, kuma wannan wasa ne a wurinsa. Ya cire duk abin da ya sani daga kansa, ya rataye a ƙusa tare da hularsa, ya ɗauki littafin ya shiga injin.

Ya yi gaba kaɗan. Ya ƙara kaɗan. Muka ji shi can ciki yana yi wa bango sallama. Daga nan ya danna wani abu. Injin ya yi tari, ya tofo shi: gabansa bunsuru, bayansa buta.

"Malam! Yanzu me zan yi?"

"Duba shafin da ke cikinka."

Awakin suka miƙo mini jan biro, suka durƙusa. Na soke gaisuwar da godiyar. Na rubuta sunan kowane maɓalli da inda yake yau, da cikakken adireshin, da misali daga farko har ƙarshe, da abin da za a yi in abu ya lalace. Na shafa wa shafukan barkono saboda ma'aikata.

Tasalla ta karanta, ta shiga. Can sai ga ta ta fito ta ɗaya ƙofar da allurarta da zarenta, ko tsatsarta ba a taɓa ba. Rediyo ya rangaɗa guɗa. Ruwa ya taso daga ƙasa ya kashe wutar maƙera. Aka zuba ruwan alwala a cikin Darakta.

"Malam, yau dai karatunka ya yi rana," in ji Tasalla.

"Duk zamanmu ba ki taɓa faɗin haka ba."

"Ba ka taɓa ba ni dalili ba."

Ina shirya amsa, kuma mai kyau ce, sai ihu ya tashe ni daga titi: "Gwangwan! Tsohon ƙarfe!" Keken yana lungunsa, a rufe da zanenta. Ɗanlami ya ɗaga labule.

"Yaya, ga mai gwangwan nan a ƙofa. Me zan ce masa?"

"Ka ce ya yi gaba kaɗan."