Yaran da Ba Su Cikin Takarda

Ƙyanda ta shigo mana ta kudu a bazarar 1976, kuma ba ta yi gaggawa ba. Kasuwa-kasuwa take bi, kamar mai tallan goro. An fara jin ta a ƙetaren iyaka, daga nan aka ji ta a Dogo-Dogo, inda aka ce an binne yara biyar cikin mako guda. Duk wanda ya zo daga can sai ya rage murya in zai ba da labari, kuma ba ya kiran sunanta. Sai ya ce abin nan ya iso wuri kaza.

Ni a lokacin ina Guci, ni ne majo na disfanser, ɗan asibitin ƙauyen, wato ni ne babba, ni ne ƙarami, ni ne kuma mai shara in mai sharar ya tafi biki. Sunana Mainassara, ko da yake ban san nasarar da aka hango ba ranar suna. Shekara ashirin da biyu ina soka wa mutane allura. Gwiwata ta fara ciwo, tumbina ya riga ni shiga ɗaki, kuma na kai matsayin da mutum ke ganin ba sauran abin da ƙauye zai koya masa.

Cikin wannan hali makarantar infirmiye, wato ta masu jinya, ta aiko mini ɗalibai biyu, su yi mako shida a karkara suna koyon aiki cikin jama'a. Ɗaya Halilu, ɗan wani tela a Damagaram, yaro mai shiru da son auna zurfin rijiya. Ɗaya kuma Saratou, ɗiyar wani jami'in duwan, wato kwastan, wadda ta tashi a Yamai da Dakar. Hausarta ta gida ce, faransancinta kuwa har ni nakan gyara zama in ta fara. Ba ta da girman kai, aiki take so, kuma ta yi imani da takarda yadda ni na yi imani da barcin rana.

Aikinsu na farko shi ne rubuta sunayen yara daga wata shida zuwa shekara shida, domin motar rigakafi za ta taso daga Magariya ta yi kwana ɗaya tak a wajenmu. Maganin cikin ƙanƙara ake kawo shi, kuma daidai yawan sunayen da aka aika ake ɗebowa. Na tura su tungar Bappa Yero, wani zangon Fulani masu noma da kiwo, tafiyar rabin yini a kan jaki. Ya kamata in bi su. Na duba rana, na duba gwiwata, na ce musu ɗalibi ba ya koyo in malami na tsaye a kansa. Har na ji daɗin maganar, na ce zan riƙa faɗinta.

Suka raba aiki. Halilu ya zauna da maza yana tambayar rijiya da shanu, Saratou ta shiga wurin mata. Takardar makaranta ta ce a tambayi kowace mace daga shekara goma sha biyar zuwa arba'in da biyar ƴaƴa nawa gare ta, da sunansu, da shekarunsu. Haka ta yi, bukka-bukka, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Tsofaffi kuwa ta gaishe su ta wuce, tunda takarda ba ta san da su ba. Bayan kwana uku ta kawo mini sunaye arba'in da ɗaya da rubutu mai kyau kamar na injin. Na yaba rubutun, na sa hannu, na buga hatimi, na ba direban motar kasuwa ya kai Magariya.

Ranar rigakafi na je tungar da kaina, don akwai baƙi, kuma an yanka akuya. Shugaban ƴan motar, wani Ari, tsohon abokina ne. Ya kafa tebur a ƙarƙashin gawo, ya ɗora bindigar allura. Bara waccan mutanen ƙetaren iyaka sun cika mana layi har magani ya ƙare kafin namu su samu, saboda haka na hau kan turmi na yi shela da babbar murya: wadda ta ji sunan ɗanta ta matso, wadda ba ta ji ba ta zauna inda take. Saratou na kira, Ari na harbi, Halilu na shafa wa kowane yaro shuɗin magani a bayan hannu don kada a maimaita. Arba'in da ɗaya cif. Na hango wasu yara a bayan danga, tsofaffi na riƙe da hannunsu, suna kallonmu. Na ce a raina baƙi ne, kuma na yi wa kaina barka da dabarar shela. Kafin la'asar mota ta yi arewa.

Kwana biyu bayan haka, da tsakar rana, ina kwance a kan benci ina nazarin rufin disfanser, sai ga Saratou a kan jaki, fuskarta duk zufa. Ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba.

"Majo, akwai yara tara a tungar nan da ba su da shuɗi a hannu."

Na ce sun wanke. Ta ce a tungar da ake raba ruwa da ludayi ba mai wanke hannun yaro har shuɗi ya fita, kuma sauran duk nasu na nan. Ta ce ba baƙi ba ne, a nan suke kwana, wurin tsofaffi. Akwai wani mai shekara uku, sunansa Lado, wanda kamarsa ɗaya da wata matashiya Fadi, har wushiryar. Ta je ta tambayi Fadi ko ɗanta ne. Fadi ta kau da kai ta ce ita ba ta da ɗa sai wannan da ke goye a bayanta. Ta sake tambaya, Fadi ta ɗauki tulu ta tafi, matan wurin suka yi ta dariya cikin mayafi.

Na tashi zaune a hankali, ba don gwiwa ba.

Na tambaye ta ko cikin sunaye arba'in da ɗayan nan akwai matar da ta ce mata ga ɗanta na fari. Ta ce takarda ba ta tambayi wannan ba. Na ce ai ko ta tambaya ba za ta ji ba. Mace a wurin nan ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta lissafa shi cikin ƴaƴanta, ba ta nuna ta san shi a gaban mutane. Da an yaye shi kaka ke ɗauka. Kunya ce, kuma su Bappa Yero sun fi kowa riƙe ta.

Saratou ta dube ni ta ce, "To kai, Majo, ka san haka?"

Na sani. Ni kaina ɗan fari ne. Uwata ta rasu ina da shekara talatin da takwas, ba ta taɓa kiran sunana ba, wancan take ce mini. Mutumin da ya yi shekara talatin da takwas ana ce masa wancan shi ne ya karanta takardar nan, ya yaba rubutu, ya buga hatimi.

Muka koma tungar tare, ni a kan mobilet, ɗan babur ɗina da ke tari fiye da majinyatana, ita a baya. Bappa Yero ya tarbe mu a inuwa, dattijo siriri mai magana kamar ana sayen kalmominsa. Na tambaye shi don me bai ce komai ba ranar da aka yi allura. Ya ce yaronmu Halilu shanu ya tambaye shi, da rijiya, ya kuma ba shi amsa. Na ce to da suka ga an bar yara tara fa? Ya gyara sandarsa.

"Likita, kai ka hau turmi ka ce wanda bai ji sunansa ba ya zauna. Mun ɗauka gwamnati ta san abin da take yi."

Yana rufe baki ke nan sai muka ji tari daga wata bukka a gefen zango, busasshen tari na ƙaramin ƙirji. Bappa Yero bai waiwaya ba, amma hannunsa ya tsaya a kan sandar.

Bukkar Inna Ɗela ce, kakar Lado. Na shiga na tarar da shi kwance a kan tabarma, jiki zafi, idanu ja suna ruwa. Na buɗe bakinsa a hasken ƙofa, na ga ƴan fararen ɗigo a cikin kumatu, kamar an barbaɗa gishiri. Inna Ɗela ta ce mura ce. Na tambaye ta ko ya je wani wuri. Ta ce ba inda ya je, sai kasuwar Guci waccan da ta tafi da shi, da ta kai nono. Wata mata daga Dogo-Dogo ta zauna kusa da su da yaro a lulluɓe, har ta roƙi ruwa aka ba ta a ƙoƙon Lado. Inna Ɗela tana faɗi tana kallon fuskata, ni kuma ina ƙoƙarin kada fuskar ta faɗi komai. Ban taɓa iya wannan ba.

Na sa aka kwashe sauran takwas ɗin aka kai su can wajen shanu, na hana kowa shiga bukkar sai Inna Ɗela da Saratou. Na bar musu ɗan abin da nake da shi, kinin zazzaɓi da maganin ido da penisilin kwalba huɗu. Washegari da sassafe na kama hanyar Magariya. Rairayi ya kayar da ni sau biyu. A can aka karɓe ni da mutunci, aka nuna mini takardata da hatimina, aka ce mota tana arewa, sai ta gama zagayenta, kwana takwas. Babban likita ya yi alkawarin za ta biyo ta kanmu kafin ko'ina. Bai yi mini faɗa ba, abin da ya fi faɗan ciwo.

Kwana takwas ɗin nan a tungar na yi su. Kowace safiya sai in bi yaran takwas ina taɓa goshi ina leƙa baki, suna gudu in sun hango ni. Ƙurajen Lado suka fito a bayan kunne, suka sauko fuska, suka rufe ƙirji. Zango ya yi tsit. Mata sun daina hira a rijiya, kowace na jan nata kusa da ita, har waɗanda ke da shuɗi a hannu. Saratou ba ta fita daga bukkar sai don alwala. Tana ɗura masa ruwa da cokali, tana goge masa ido, tana lissafa numfashinsa da agogon hannunta, kuma kullum lissafin ƙaruwa yake.

Fadi ba ta shiga ba ko sau ɗaya. Ba ta tambaya ba. Abin da kawai muke gani, kowace safiya akwai ƙwaryar madara a bakin ƙofa, a rufe da faifai, ba wanda ya ga mai ajiyewa. Saratou ta ce mini ita wannan al'ada ba za ta taɓa gane ta ba, ɗanka na kwance haka kina wucewa da tulu kamar ɗan maƙwabta. Na ce ta yi haƙuri. Ta ce ba ni ya kamata in ba ta haƙuri ba. Na yarda da ita.

Rana ta shida ciwon ya sauka ƙirji. Penisilin ya ƙare a ta bakwai. A ta takwas da hantsi muka ji ƙugin mota, Ari ya sauko da akwatin ƙanƙara, ya dube ni ya fasa zolayar da na ga ya taho da ita. Aka kawo yara takwas, tsofaffi na riƙe da su, aka yi musu allura cikin minti biyar. Biyu daga cikinsu sun yi ƙyandar duk da haka, amma sama-sama, sun tashi. Ari ya leƙa bukkar Inna Ɗela, ya fito ya ce mini yaron ba zai jure hanyar Magariya ba. Ya bar mana penisilin nasa.

Lado ya cika washegari, bayan azahar. Maza suka ɗauke shi cikin ɗan ƙyalle, Halilu ya bi su da tulun ruwa. Ba a yi kuka da ƙarfi ba. Inna Ɗela ta zauna a ƙofar bukka ta rufe kanta.

Ni da Saratou muna tsaye a bakin danga sai muka ji daka. Fadi ce a tsakar gidansu, jaririnta a baya, tana ɗaga taɓarya tana saukewa, ba sauri ba jinkiri, ba ta kalli inda maza suka bi ba. Saratou ta ciji leɓe. Ta ce yau ma, yau ɗin ma, sai ta yi daka. Ta tsallake danga ta nufe ta, ni kuma na biyo ta ina ɗingishi ina kiran sunanta, don na san abin da ke bakinta.

Ta isa gaban turmin ta tsaya. Na iso na tsaya kusa da ita. Babu ko ƙwayar hatsi a ciki. Itace ne kawai ke dukan itace, kuma tafin hannun Fadi ya fashe, jini na bin taɓaryar.

Saratou ta ce in miƙo mata jakar magani, ta zauna a ƙasa kusa da turmin ta fiddo bandeji, tana jiran Fadi ta gaji.