Farar Fijo a Kwandon Hajiya

Muntari ba yaro ba ne. Shekararsa arba'in da shida, goma sha ɗaya daga ciki a Guangzhou ya yi su, yana raka 'yan kasuwar Kano da na Nijar masana'antu yana yi musu tafinta. Mutum ne da za ka bar wa kwantena guda ka koma gida hankalinka kwance. Sai dai Allah ya jarrabe shi da abu ɗaya: 'yan motocin wasa na ƙarfe, waɗanda ba su wuce tsawon yatsa ba. Yana da sama da ɗari biyu a kabad ɗin ɗakinsa, ko ɗaya bai ɓare daga kwalinta ba. Duk shagon da ya shiga sai ya ce ɗansa zai saya wa. 'Ya'yansa uku ne a Kano, duka mata, babbar ma ta kusa gama jami'a.

Wata bakwai ke nan yana farautar farar Fijo 504, irin wadda yana yaro yake kwaikwayo da kara da langa-langa. Neman kuwa ya ci masa rai. Ranar da kaya za su iso, tun kafin a buɗe shago masu saye don su sayar a intanet sun tsaya a ƙofa. Su kwashe masu kyau, su bar wa bayin Allah jar motar kashe gobara guda arba'in a jere. Ka tambayi mai shago, ko kai ba zai ɗaga daga wayarsa ba zai ce maka “mei yo”, wato babu. Muntari ya sha “mei yo” har ta ishe shi.

Ranar wata Talata da hantsi ya shiga wani shagon kayan wasa a unguwar Liwan, ya bi ƙugiyoyin ɗaya bayan ɗaya, bai samu komai ba. Ya juya zai fita sai idonsa ya faɗa kan wani kwandon sayayya da aka ajiye a ƙasa. Ga 'yar tsana biyu, ga fensiran kala, ga Fijon nan a kansu, fara sol. Ya duba dama, ya duba hagu, bai ga mai kwando ba.

Ya san sarai abin da ke cikin kwando yana da mai shi. Duk da haka zuciya ta ce masa ai ba a biya ba tukuna, kayan shago ne. Ya sunkuya ya ɗauke, ya saka a nasa kwandon, ya ɗora hularsa a kai.

“Salamu alaikum, ɗana. Bahaushe ne?”

Dattijuwa ce, ta haura sittin, da gilashi a ido. Ta ce sunanta Hajiya Fasuma, daga Maradi, kaya take saro wa butik ɗinta, wato shagonta. Muntari ya rusuna ya gaishe ta, ya ce shi tafinta ne a garin.

“Taimaka mini da Sinancinka,” in ji ta. “Wata 'yar mota na sa cikin kwandon ga, na tahi duba wani abu, na dawo babu ta. Kado ce, tsarabar da zan kai ma maigidana. Shekara talatin yana tuƙa irinta tsakanin Maradi da Yamai, yanzu ƙahwa ta hana shi hita.”

A nan ne ya kamata ya ɗaga hular, ya ce kuskure ne, magana ta ƙare. Bai ɗaga ba. Sai ma ya bi ta har gaban yarinyar da ke karɓar kuɗi, ya gyara murya, ya yi tambayar cikin Sinancinsa mai kyau.

Yarinyar ta dube shi kamar ba ta ji daidai ba. Ta nuna kwandonsa da yatsa, ta ce a sarari: “Kai ka ɗauka. Ina kallonka.”

“Mi ta ce?” in ji Hajiya.

Shekara goma sha ɗaya yana tafinta, bai taɓa sauya wa kowa magana ba, ko a kan cinikin miliyoyi. Da abin yake alfahari. Sai ga shi yau a kan motar wasa.

“Ta ce babu, Hajiya. Wataƙila wani ya saye.”

Hajiya Fasuma ta cire gilashinta ta goge da bakin mayafi, ta mayar.

“Ɗana, na daɗe ina zuwa garin ga. Ban iya maganarsu ba, amma ‘mei yo’ dai na san ta, kuma ban ji ta ce ta ba. Yatsa kuwa ba ya buƙatar tahinta.”

Kunya ta rufe Muntari. Ya ɗaga hular, ya ɗauko motar da hannu biyu ya miƙa mata, ya kasa kallon fuskarta.

“Hajiya, ki yafe mini. Ga ta.”

Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Ita kuwa sai ta tura hannunsa baya a hankali.

“A'a, riƙe. Babba kamarka ba ya yin haka sai in yaro ya matsa mishi da kuka. Na haihu, na san abin. Maigidana ya tuƙa ta gaske, ta ishe shi. Ka kai ma yaron.”

Ya buɗe baki zai faɗi gaskiya, ta ƙi fitowa. Ya tsaya riƙe da motar a tsakiyar shago, mai karɓar kuɗi tana kallonsa, ita ma Hajiya tana kallonsa da tausayi, tausayin da bai cancanta ba.

“Mi ne ne sunan yaron?” ta tambaya, tana ɗora 'yan tsananta a kan tebur.

“Muntari,” ya ce, muryarsa can ƙasa.

“To, Allah shi shirya Muntari, shi sa ya girma da hankali.”

“Amin, Hajiya,” in ji shi.