Ranar da Aka Ɗauki Sarewar Auta

Likita ne ya ce Auta ya ajiye sarewa. Huhunsa ya gaji, in ya ci gaba da busa zai kwanta. Auta ya roƙi alfarmar gwajin kiɗa ɗaya na ban kwana. Likitan ya duƙufa a kan takardunsa, ya ce shi bai ji komai ba.

Yayan Auta kafinta ne, kuma shi ke shugabantar 'yar ƙungiyarsu ta kiɗa tun suna samari. Su uku ne: shi da jita, Auta da sarewa, sai wani maƙwabcinsu mai ganga. A bayan shagon kafintan suke gwaji, tsakanin katakai da gwangwanayen fenti. Akwai wani kiɗa da Auta ya ƙirƙira, babu mai iya busa shi sai shi, kuma ba a taɓa ɗaukarsa a kaset ko bidiyo ba. Kafinta ya ƙudura a ransa cewa kiɗan nan ba zai bi huhun ƙaninsa ba.

Ya sayar da wani tsohon injin yanka katako, ya kira 'yarsa, suka nufi layin masu kayan lantarki.

Shagon da suka shiga ɗan tsukuku ne, kwalaye har rufi. Mai shagon saurayi ne mai fara'a.

"Baba, sannu da zuwa. Me za a ɗauka?"

"Kiɗa."

"To, kunne za mu bi, ba ido ba."

Ya fito da kyamarorin bidiyo biyu waɗanda ba su fi ƙarfin aljihun tsohon ba. Ɗaya baƙa ce, mummuna, hotonta dishi-dishi, amma tana da rami a gefe inda ake sa makirufo mai doguwar waya. Ɗayar fara ce mai sheƙi, tana jawo abu daga nesa har ka ga zaren riga, makirufonta kuwa a jikinta yake.

Kafinta ya ɗauki farar, ya yi gyaran murya.

"Ana ji na? Ni ne nan."

Aka mayar. Muryarsa ta fito raɗau, har da kaurinta. Ya gyaɗa kai.

Ya karɓi baƙar. Mai shago ya ja wayar makirufon ya ajiye shi can ƙarshen kanta, kusa da hannun 'yar. Tsohon ya maimaita maganarsa. Da aka mayar, muryar tasa kamar daga cikin rijiya, sai ƙarar awarwaron 'yarsa ke tashi.

"Wannan ai kurma ce."

"Baba, amfaninta ke nan. Inda aka ajiye makirufo take ji, ba ruwanta da mai riƙe da ita. Sarewa kuwa ba ta da ƙarfin murya, dole a je mata kusa."

"Yaro, ina kiɗa tun babarka ba ta yi wayo ba. Ni za ka koya wa sauti?"

"Baba, a dai saurare shi," in ji 'yar.

"Ke ma ya saye ki?"

Mai shago ya yi murmushi, ya sa farar a kwali. Yana ɗaure leda ya ce, "To don Allah a ɗora ta a kan wani abu kusa da mai busar. Kada a riƙe a hannu. Ina da ƙafafun da ake ɗora ta a kai ma."

Kafinta ya ce a ransa, can dai aka nufa, a ƙara sayar masa da wani tarkace. Ya ɗauki ledarsa ya fita.

Ranar gwajin ya share bayan shagonsa da kansa, ya jera katakai a jikin bango. Da yamma Auta ya iso cikin riga mai guga wadda ta yi masa yawa.

"Auta, yau har da wanka saboda kyamara?" in ji mai ganga.

"Kai dai ka janye tumbinka, kada ya cinye hoton."

'Yar ta miƙa hannu. "Baba, kawo in riƙe, kai ka ɗauki jitarka."

"Yau babu jita. Sarewa ake son ji. Matsa."

Ya tsaya bakin ƙofa don su biyun su shiga hoto, ya kafa ido a gilashin kyamarar, ya ɗaga yatsa. Auta ya rufe ido ya fara.

Kafinta bai taɓa jin ya yi busa irin ta ranar ba. Ya jawo yatsun ƙaninsa kusa, yana kallon yadda suke tashi suna sauka a kan ramukan, yana bin kiɗan yadda ya saba. Da aka kai ƙarshe Auta ya zauna a benci ya yi tari mai tsawo. Sannan ya naɗe sarewar a ƙyalle ya miƙa wa 'yar yayansa.

"Kai wa matata. Ta ɓoye inda ba zan gani ba."

Washegari da safe 'yar ta haɗa kyamarar da talabijin a falo. Hoto ya fito tangaran, har gumin goshin Auta ana gani. Sarewa ta fara, siririya, kamar daga gidan maƙwabta. Sai wata murya ta danne ta.

"A hankali! Ina za ka? Biyo ka ake yi? Kai mai ganga, ƙusa kake bugawa? Auta, ja numfashi mana, kullum sai an faɗa maka?"

Tsaki ya biyo baya. Sai gurnanin mutum yana rera kiɗan ta hanci, ba daidai ba. Sai huci. Sai wani faɗan. Haka har ƙarshe.

"Waye wannan?"

"Kai ne, Baba."

"Ni ban yi magana ba."

"Kullum haka kake yi. Mun saba ne, shi ya sa ba wanda ya lura."

Ya zare wayar, ya sa takalmi, ya ɗauki kyamarar ya koma shagon da ya saye ta shi kaɗai.

"A cire muryata."

Mai shago ya sa abin ji a kunne ya saurara. Bai yi dariya ba, kuma wannan ya fi yi wa tsohon ciwo.

"Baba, ba ta ciruwa. Sun riga sun gauraya. Amma bar mini wannan, ka tafi da baƙar, a sake ɗauka."

Ya zare katin da bidiyon ke ciki ya ba shi, ya sa masa baƙar da makirufonta a leda. Kafinta ya yi godiya can ƙasan maƙoshi.

Ya wuce gidan Auta, ya tarar da shi a kishingiɗe, an tara masa matasai a baya. Gaisuwar ma sai da ya raba ta biyu, ya huta a tsakiya. Kafinta ya dubi ƙirjin ƙaninsa yana hawa yana sauka, ya tura ledar ƙarƙashin kujera da ƙafa.

"Yaya, ya yi kyau?"

"Hoton ya yi."

"A sa mana mu ji."

Ba yadda ya iya. Ɗan Auta ya sa katin a kwamfutarsa. Da faɗan ya fara, Auta ya fashe da dariya har ta koma tari, matarsa ta rugo da ruwa.

"Yaya, kada ka damu," ya ce bayan ya sha. "Ni ai haka na san kiɗan. Ban taɓa jin sa babu kai a kansa ba."

Da zuciya ɗaya ya faɗa, ba gori ba ne. Kafinta ya so a ce gori ne, da ya san abin da zai mayar.

Daga can bayan shagonsa ya wuce. Ya kafa baƙar kyamarar a kan teburin aiki, ya ajiye makirufon gaban jitarsa. In sarewa ta tafi, ko a jita ne a bar kiɗan. Farkon ya zo masa ba wuya. Da ya kai tsakiya yatsunsa suka tsaya. Ya sake daga farko, suka sake tsayawa a wurin.

Ya leƙa ta katanga ya kira mai ganga.

"Tsakiyar kiɗan Auta, yaya take tafiya?"

Mai ganga ya sosa ƙeya. "Ni bugu nake bi. Kai da kake gyara masa ita kullum, ba ka sani ba?"

Kafinta ya koma ya zauna da jitar a cinya. Kyamarar tana ta ɗauka, bai tashi ya kashe ta ba.